Kurkur a Cikin Kwalba: Me Yake Yi wa Gyambon Hanji?

Akwai ciwon hanjin da ba tsutsa ke kawo shi ba, ba kuma gurɓataccen ruwa ba. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa fatar cikin babban hanjinsa har ta yi gyambo. Mai shi kan yi ta zawo da jini da majina, cikinsa na murɗawa. Ciwon ya lafa wata da watanni, sai kuma ya dawo.

A kan wannan ciwo an gwada kurkumin, sinadarin da ke ba kurkur, ko gangamau, rawayar nan mai kama yatsa. A ɗakin gwaji an ga yana danne wani furotin mai suna NF-κB, wanda ke ingiza ƙwayoyin garkuwa su saki sinadaran da ke hura kumburi.

A 2006 likitoci a Japan suka gwada shi kan mutum 89 da ciwonsu ya lafa. Wasu sun sha giram 2 kullum har wata shida, wasu kuma ƙwayar da babu komai a cikinta. Cikin waɗanda aka ƙirga a ƙarshe, ciwon ya dawo wa mutum 2 cikin 43 da suka sha kurkumin, ya dawo wa 8 cikin 39 a ɗaya ɓangaren. A wani gwaji na 2015 a Isra'ila da Hong Kong da Cyprus, giram 3 kullum ya kwantar da ciwon mutum 14 cikin 26 a wata guda. Cikin 24 da ba su sha ba, ko ɗaya bai samu haka ba.

Duk waɗannan mutane suna shan maganin asibiti ne, kurkumin ƙari aka yi musu. Kuma garin kurkur na miya ba ya kai wannan adadi, domin kurkumin ɗan kaɗan ne a cikinsa, hanji ma ba ya tsotsarsa sosai.

Shi ya sa kamfanoni ke haɗa shi da piperine, sinadarin baƙin barkono, wanda binciken 1998 a Indiya ya nuna yana ninka shigarsa jini sau ashirin. Sai dai hanta ce ke ɗaukar nauyin. Italiya ta samu masu kumburin hanta a 2019 bayan shan irin waɗannan ƙwayoyi, hukumar magunguna ta Ostareliya ma ta yi gargaɗi a 2023. Likitoci na jan kunnen masu shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, da masu tsakuwar matsarmama, suna kuma cewa duk wanda idonsa ya yi rawaya ko fitsarinsa ya yi duhu ya daina sha, ya garzaya asibiti.