Man Tsirrai Masu Ƙamshi da Lafiyar Kifin Kiwo

A ƙasar Fagam, kamar sauran sassan Gwaram da Birnin Kudu, kiwon tarwaɗa a kandami ko a tankin siminti yana cikin sana'o'in da matasa suke dogaro da su. Sai dai a kan wayi gari mai kiwo ya tarar da gyambo a jikin kifinsa, cikinsu ya kumbura, sun ƙi cin abinci, kafin mako ya zagayo jari ya karye.

Sau da yawa mafarin wannan ɓarna wata ƙwayar bakteriya ce da masana suke kira Aeromonas hydrophila. Tana zaune cikin ruwa a kullum, amma ba ta cika yin illa ba sai ruwan ya gurɓata, ko kifin sun yi cunkoso har garkuwar jikinsu ta raunana.

Abin da masu kiwo suka saba yi shi ne zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su oksitetirasaikilin. Illar yawaita haka ita ce ƙwayoyin da suka tsira sukan hayayyafa, su zama masu bijire wa magani, su kuma bi ruwa da abinci su isa ga ɗan Adam. An ƙiyasta cewa a shekarar 2019 irin waɗannan ƙwayoyi sun hallaka mutum miliyan 1.27 a duniya.

Wannan ya sa masana suka waiwayi tsirrai. Idan aka ratsa kanumfari ko ɗoɗɗoya da tururi, sa'an nan aka sanyaya tururin, a kan sami wani mai mai ƙarfin ƙamshi. Babban sinadarin man kanumfari shi ne yujinol, wanda yake ɓula fatar da ta lulluɓe ƙwayar bakteriya, abin da ke cikinta ya tsiyaye, ta mutu. Da yake man yana ƙunshe da sinadarai da dama masu kai farmaki ta fuskoki daban-daban, bijire masa ya fi wuya. Gwaje-gwaje sun kuma nuna cewa cuɗa ɗan kaɗan a abincin kifi yana iya ƙarfafa garkuwar jikinsu.

Amma fa akwai hattara. Mai ba ya gauraya da ruwa, kuma yana saurin bin iska, don haka abin da ya yi aiki a ɗakin gwaji ba lalle ya yi a kandami ba. Bugu da ƙari, man kanumfari yana sumar da kifi, shi ya sa ake amfani da shi wajen kwantar da su. Idan ya zarce ƙima, sai ya kashe su. Saboda haka bai kamata a zuba shi da ka ba, sai da shawarar likitan dabbobi ko malamin gona.

Har yanzu dai rigakafi ya fi magani: sauya ruwa a kan kari, rage cunkoso, da ware duk kifin da ya kamu.