Me Ya Sa Ba Mu Da Jam'iyyar Musulunci A Maraɗi?

A tsibiran Maldibs da ke tekun Indiya, malamai sun kafa jam'iyyar Adhaalath a 2005 domin kare shari'a ta hanyar ƙuri'a. Mu a nan Maraɗi, inda kusan kowace unguwa ke da masallacinta da makarantar allo, ba mu taɓa samun irinta ba. Mene ne dalili?

Dalilin farko doka ce. Bayan babban taron ƙasa na 1991 a Yamai, tsarin mulkin 1992 ya hana kafa jam'iyya bisa addini, ƙabila ko yanki. To amma hana jam'iyya bai rufe bakin malamai ba, sai suka koma ga ƙungiyoyi. A da, ƙungiyar AIN da aka kafa a 1974 zamanin Seyni Kunce ita kaɗai ke magana da sunan Musulunci. Da ƙofa ta buɗe, sai wasu suka fito, ciki har da ADINI-Islam ta 'yan Izala a 1993.

Ita Izala a Jos aka kafa ta a 1978, kuma ta biyo hanyar fatauci ne daga Kano da Katsina ta shigo mana. Wasu alhazan birni suka rungume ta, suka gina masallatai da makarantu. Wa'azinta na rage kashe kuɗi a aure da suna ya yi wa ɗan kasuwa daɗi, don jarinsa ya huta. Mata kuwa sun samu islamiyya, amma masu abinci, masu kiɗa da dillalan kayan ɗaki sun ga ciniki ya ragu. A Tsibiri, gidan sarautar Gobir, da karkarar Jiratawa, masu riƙe da al'adun gado ba su ji daɗin sukar da ake yi musu ba.

Ƙarfin ƙungiyoyin ya bayyana a 1994, lokacin da suka haɗa kai suka hana dokar iyali wucewa. Sai Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, iskar ta kaɗo har nan. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe tarzoma a Yamai da Maraɗi, aka farma mashaya, gidajen mata masu zaman kansu da coci-coci. Gwamnatin Tanja Mamadu ta kama shugabanni, ta rushe wasu ƙungiyoyi.

Yau ma dai ba sauran jam'iyya ko ɗaya, tunda hukumomin soja sun rushe su duka a watan Maris na 2025. Amma ƙungiyoyin addini na nan da mabiyansu. Ranar da siyasa za ta dawo, 'yan takara za su bi ta masallaci da kasuwa neman ƙuri'a. Don haka 'yan uwa, duk wanda ya zo mana da sunan addini, mu tambaye shi abin da ya tanadar wa haraji, rumfuna, hanya da karatun 'ya'yanmu. Allah Ya ba mu zaman lafiya.