Burtali da hoton sama

Ɗan'uwa, ka san burtalin da ya bi ta bayan garinku. Tambayi wani tsoho. Zai ce maka da can garke biyu na wucewa cikinsa ba su gogi juna ba. Yau fa? Wani wurin ko shanu ukku ba su jerawa.

Ba rana ɗaya aka cinye shi ba. Bana mai gona ya ƙara taki biyu. Baɗi maƙwabcinsa ya ƙara ukku. Kafin shekara 20, hanya ta zama siririya.

Ran da shanu suka faɗa ma hatsi, sai rigima ta tashi. Manomi ya ce: "Nan ubana ya noma." Makiyayi ya ce: "Nan kakana ya bi da bisashe." Kowa na shirye ya rantse. Iccen da aka yi iyaka da shi, an sare. Dattijon da ya san wurin ya rasu. To, wa za a tambaya?

Abin ba wasa ba ne. A shekara ta 1991, a Toda cikin jihar Maraɗi, faɗan manoma da makiyaya ya ci ran mutum fiye da 100. Ba mu son irin wannan a Abala, ko Filinge, ko wani gari na Kurfai.

Mi doka ta ce?

A 1961 gwamnatin Nijar ta ja iyakar noma ta arewa. Ƙasar da ke arewa da wannan iyaka, ta kiwo ce. Abala na wurin da noma da kiwo suka haɗu, shi ya sa maganar ta shafe mu ƙwarai.

A 1993 aka yi babbar dokar karkara. Ita ta kawo hukumomin filaye da ake ce ma COFO. Akwai ta gunduma, da ta komin, da ta ƙauye. A 2010 kuma aka yi dokar kiwo. Ta ce makiyayi na da haƙƙin yawo da dabbobinsa. Burtali da makiyaya na jama'a ne, ba mai maida su nasa shi ɗaya.

Doka dai ga ta. Amma doka na son shaida. Ina ne ainihin bakin burtali? Yaushe gona ta shiga? Nan ne hoton sama ke da amfani.

Ido daga sama

Akwai na'urorin da mutane suka ƙera suka harba sama, suna kewaya duniya dare da rana. Ana ce masu tauraron ɗan Adam. Wasunsu aikinsu ɗaukar hoton ƙasa ne. Amurka ta harba Landsat na farko a 1972. Ƙasashen Turai sun harba Sentinel-2 a 2015. Taurarin Sentinel-2 na komowa bisa wuri guda kamar kowane kwana 5. Hotunansu kyauta ne ga mai intanet. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974. Ma'aikatanta na karatun irin waɗannan hotuna don su san halin damina da ciyawa.

Kowane hoto na ɗauke da ranar da aka ɗauke shi. Ana ajiye shi, ba ya tsufa, ba ya mantuwa. Ko kafin taurari, jiragen sama sun ɗauki hoton ƙasarmu tun shekarun 1950. Wani masani Ba'amurke, Gray Tappan, ya jera hotunan 1975 da na bayan shekara ta 2000. Sai ya ga itatuwa sun ƙaru sosai cikin gonakin Maraɗi da Damagaram. Hoton da ya nuna ƙaruwar icce, shi ne zai nuna ragewar burtali.

Akwai kuma ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi. Mutum na tsaye ƙasa yana tuƙa shi. Ba ya nisa da ƙasa, saboda haka hotonsa ya fi fita sarai. Yana nuna shinge, da turken siminti, da harsashin gini. Amma ka kiyaye: ba a tada shi sai da izinin hukuma, balle a yankinmu da ke fama da rashin tsaro.

Ƙaƙa ake gane an ci wuri?

Da farko, ƴan COFO su fita tare da sarki, da mai gari, da wakilan manoma da na makiyaya. Su bi burtali da ƙafa, su yarda bisa bakinsa. Ma'aikaci ya riƙa ɗaukar lambar kowane wuri da na'urar GPS. A kafa turakun siminti. A zana taswira, a sa hannu.

Bayan haka sai a aza taswirar bisa hoton sama cikin kwamfuta. A ɗauko hoton da, a ɗauko na bana, a jera. Daga sama gona na da kamanninta: gefenta miƙe yake, launinta ya bambanta da na daji. In gona ta tsallake layin taswira, ido zai gani.

Ga ɗan lissafi. A hoton Sentinel-2, kowane ɗigo na daidai da mita 10 a ƙasa. In faɗin burtali mita 50 ne, ɗigo 5 ke nan. In bayan ƴan shekaru aka iske ɗigo 3, an ci kamar mita 20. Ka ga ke nan taki biyu na shekara ɗaya ba ya fita a wannan hoto. Sai ya taru. Don ƙaramin ci, sai jirgi marar matuƙi, ko a zo da igiyar awo.

Haka ake yi ma gini. A Yamai, tun 1965 aka fara dasa itatuwa kewaye da birni don su tare iska da rairayi. In an jera hotunan da da na yanzu, ana ganin inda gidaje suka shiga cikin itatuwan. Mai gini cikin hanyar ruwa, ko bakin tabki, ko filin lakwal, shi ma hoto na tona shi. In an gani tun ana harsashi, tsaida aiki ya fi sauƙi da rushe gidan da iyali ke ciki.

Abin da hoto bai sani ba

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Gaskiya ne. Amma hoto na nuna abin da ke bisa ƙasa kawai, bai san mai ita ba.

Gonar da aka bari ta huta, daga sama kamar daji take. Alhali saura ce, tana da mai ita. Gonar aro da gonar gado, kamarsu ɗaya cikin hoto. Makiyaya da rani, in dabbobi sun yi kudu, sai ka ce wurin ba na kowa ba ne. Wanda ya gudu ya bar gonarsa saboda ƴan bindiga, hoto zai nuna ba a noma ta ba, amma bai yafe ta ba. Da damina kuma girgije kan rufe ƙasa, hoto ya ƙi fita.

Saboda haka hoto shaida ɗaya ne cikin shaidu. Sai an zo wurin an duba. Sai an saurari dattawa da maƙwabta. Sarki ya fara sulhu, a rubuta. In sulhu ya ƙi, sai alƙali.

Kar manomi ya ce wannan abu don a ƙwace masa gona aka kawo shi. In gonarka ta daɗe inda take, tsohon hoto zai tsaya maka. In wani mai kuɗi ya zo ya shinge makiyayar gari, hoto zai nuna shekarar da shingen ya bayyana.

Aikinka

Kai da ka koyi karatu, kana da abin yi. Ran da ƴan COFO suka zo, kar ka zauna gida. Ki fito ke ma, ƴar'uwa, don mata na da gonaki, suna da bisashe. In an nuna hoto, ka nemi a nuna maka rijiyar gari da masallaci, don ka gane gabas da yamma. Ka karanta ranar da ke jikin hoton. Ka tambaya: "Wane wata ne? Wace shekara ce?" Hoton rani da na kaka ba a gwada su da juna.

Ka je COFO ka nemi takardar gonarka, ko ta gado ce, ko saye, ko kyauta, ko aro, ko jingina. Ka karanta ta kafin ka sa hannu. Ka ajiye ta inda gara da ruwa ba su kai. In ka ga an tumɓuke turken burtali, ka faɗa ma mai gari tun shibka ba ta fito ba.

Tambayoyi

1. Burtali nawa suka bi ta ƙasar garinku? An kafa masu turaku?
2. In faɗin burtali mita 80 ne, ɗigo nawa ke nan a hoton Sentinel-2?
3. Faɗi abu biyu da hoton sama ba ya nunawa.
4. Su wa ke cikin COFO ta ƙauyenku? Rubuta sunayensu cikin littafinka.