SANIYA DA 'YAN AIKIN DA KE TUMBINTA

Manoma, ran kasuwar Talata Mafara na shiga kara, na iske wani dattijo daga wajen Maradun yana taya bijimi. Ɓarayi sun kore masa garke, yana so ya sake kafawa. Ya ce mini, "Malamin gona, shanu biyu, kiwo ɗaya, mashaya ɗaya, amma wannan ta yi ƙiba, waccan ta rame. Ina dalili?"

To, ga dalili guda. Saniya ba ita kaɗai ke narkar da ciyawa ba. Cikin tumbinta akwai ƙananan halittu barjat, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Su ne ke sarrafa ciyawa da karan dawa, sa'an nan jiki ya sami nama da nono.

Da an zaci abinci kaɗai ke zaɓen waɗannan halittu. Ashe gado ma da hannunsa. A 2010 masana a Amurka suka musanya abin da ke tumbin shanu, na wannan aka zuba wa waccan. Bayan makonni, sai ga waɗansu sun koma da irin nasu na da. A 2019 aka auna shanun tatsa fiye da 1,000 a ƙasashe huɗu na Turai, aka ga waɗansu halittun suna bin jinin gado, suna kuma tafiya tare da yawan nono. A 2022 masanan Sin suka ga irin wannan a hanjin aladu.

Watau ɗan maraƙi wajen uwarsa da garke ya ke kwasar halittun, amma jikin da ya gada yana cikin abin da ke zaɓen waɗanda za su zauna.

Saboda haka in za ka sayi bijimin barbara, ko Bokolo ne ko Rahaji ko Bunaji, kada girman tozo ya ruɗe ka. Tambayi labarin uwarsa: tana riƙe jiki da bazara? Karsanar da uwarta ba ta ramewa kuwa, kada ka kai ta kara.

Amma fa gado ba ya cika tumbi. Mutanen Bakura da sauran masu noman rani a Bakolori, ku adana bambaron shinkafa, ku haɗa da harawa da dusa. In za a sake wa dabba abinci, a yi kaɗan-kaɗan har kamar mako biyu, don 'yan aikin nan su saba.

Allah ya mayar wa dattijon nan da alheri, amin.