BUNSURUN FADAMA: YADDA ZA KA GANE SHI

Ya kai manomi, ka san ɓarnar da ƙwaro ya kan yi wa wake cikin rumbu. Ka zuba wake lafiyayye da kaka, kafin bazara ka tarar duk ya huhhuje, ba na shuka, ba na kasuwa. To, akwai wani haki mai ƙamshi wanda magabata su kan sa a rumbu saboda wannan masifa, sunansa bunsurun fadama. Ɗan'uwan ɗaɗɗoya ne da na'ana'a. Amma fa kama da wane ba ta wane, domin haka ya kamata ka san shi sosai kafin ka yanka.

Inda ya ke fita

Shi ba a shuka shi. Ya kan fito da kansa a fadama, da gefen tafki, da saura mai damshi. Tsawonsa ya kan kai ƙugun mutum ko ya fi. Da ƙarshen damina ya ke fure, rani na yi sai ya bushe.

Alamu 5

1. Kama karansa ka mirgina tsakanin yatsunka. Ba mulmulalle ba ne, kusurwa huɗu gare shi.

2. Dubi ganyen. Biyu biyu su ke fita a kowace gaɓa, ɗaya na fuskantar ɗaya. In na ƙasa sun dubi gabas da yamma, na bisansu kudu da arewa za su duba.

3. Murza ganye guda ka sansana. Ƙamshinsa da ƙarfi ƙwarai, ba ya saurin barin hannu.

4. Furensa ƙanana ne ƙwarai, sun cushe wuri ɗaya a kan reshe kamar ƙaramar zangarniyar gero. Na ɗaɗɗoya kuwa hawa hawa su ke, da tazara tsakaninsu. Nan ne za ka raba su.

5. In zangarniyar ta bushe, murtsuke ta a tafin hannu. Kowane ƙoƙon fure yana da ƙwayoyi busassu har 4, ƙanana, masu duhu.

Gargaɗi

Akwai wani tsiro da aka kawo daga Amurka don ado, Turawa na ce masa lantana. Shi ma karansa kusurwa huɗu ne, ganyensa biyu biyu, yana da wari kuma. Amma jikinsa da ƙananan ƙayoyi, furensa ja da rawaya, 'ya'yansa kuwa masu ruwa ne, su kan yi baƙi in sun nuna. Wannan guba ne ga shanu da tumaki. Kada ka kai shi gida.

Yadda a ke aiki da shi

Yanke shi sa'ad da ya yi fure, gama a lokacin ne ƙamshinsa ya ke da ƙarfi. Shanya shi a inuwa, ba a rana ba. Sa'an nan share rumbu sarai, ka ƙone tsohon datti. Shimfiɗa hakin a ƙasa, ka zuba wake busasshe, ka sake shimfiɗawa, haka har rumbu ya cika.

Amma kada a ruɗe ka. Hakin nan rage ɓarna ya ke yi, ba ya kawar da ita duka. Dalili kuwa, ƙwaron ya kan saka ƙwai a jikin kwanson wake tun a gona, tsutsa ta shige cikin ƙwaya, cikin wajen wata guda ta fito ƙwaro, shi kuma ya sake haihuwa. Saboda haka waken iri, wanda shukar baɗi ta dogara gare shi, zuba shi cikin duro mai murfi, ko buhu mai leda biyu a ciki, ka toshe yadda iska ba ta shiga. In ba iska, ƙwaro ba shi rayuwa.

In ka yi shakka, ɗauki reshe guda da furensa ka kai wa malamin gona ya duba. Allah ya tsare mana abin da muka noma, amin.