Kafin Ka Biya Kuɗin Gida, Kai Magini Ya Duba

A ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, kuɗi yakan shigo hannun mutane da rani ne, sa'ad da aka cire albasa da tafarnuwa daga fadama aka kai kasuwa. A lokacin nan ne dillalai sukan fara zagayawa, wannan ya ce akwai gida a bakin hanya, wancan ya ce akwai shago kusa da tasha, mai shi yana cikin matsuwa, in ba a yi hanzari ba wani zai riga. Ga kuma iyalai da yawa waɗanda rashin zaman lafiya na shekarun nan ya kore su daga ƙauyuka, suna neman inda za su sa kansu cikin gari ko ta halin ƙaƙa. Saboda haka ciniki yakan faɗa da sauri.

Amma fa da rani kowane gida lafiyayye ne. Rufi ba ya yoyo a watan Maris. Bango ya bushe, tsakar gida tsaf, an shafa farar ƙasa ko sabon fenti, ƙofa tana ƙyalli. Mai saye ya shiga, ya ƙidaya ɗakuna, ya leƙa bayan gida, ya ce madalla. Sai watan Agusta ya zo tukuna gidan ya faɗi gaskiyarsa, a lokacin kuwa kuɗi ya riga ya tafi. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, mai saye fa, wa zai gaya masa?

Sana'ar duba gida

A Amurka da Ingila duba gida sana'a ce mai zaman kanta. Mai saye yakan ɗauki wani gwani, ya biya shi daga aljihunsa, shi kuwa ya hau rufi, ya bi wayoyin lantarki da bututun ruwa, ya duba harsashi, sa'an nan ya rubuta abin da ya gani. Da wannan takarda ake zama a yi ciniki. Masu wannan aiki a Amurka sun kafa ƙungiyarsu a 1976, ta Ingila kuwa, wadda ta haɗa masu awo da kimanta gine-gine, tun 1868 take.

A Tursa ko Gandi ba za ka ga ofishi da allo mai cewa ana duba gidaje ba. Duk da haka aikin ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun zamanin dā manyan garuruwan Hausa suna da Sarkin Magina, wanda ake kira in katanga ta tsage ko soro ya soma lotsawa, maganarsa kuma ita ce hukunci a kan sha'anin gini. Wurno kanta, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a ciki har ya rasu a 1837, da hannun irin waɗannan magina aka tashe ta. Har yau kowane gari yana da tsohon magini wanda ya san ƙasar kowace unguwa, ya san kududdufin da aka cike aka yi gini a kai. Shi ne mutumin da muke so ka nema. In ginin siminti ne mai bene, sai injiniya wanda yake da rajista da hukumar COREN, ko magini mai rajista da CORBON. Ana samunsu a Sakkwato, kuma ba laifi ba ne ka ce ya nuna maka shaidarsa.

Abu ɗaya ne ba mu yarda a yi sassauci a kai ba. Wanda zai duba maka gida, kai za ka kawo shi, kai za ka biya shi, kuma ladansa ɗaya ne ko an saya ko an fasa. Dillali ba mugu ba ne, amma la'adarsa tana rataye da faɗuwar ciniki, ba za ka ɗora masa nauyin kushe abin da yake talla ba. Haka nan maginin da ya gina gidan, ko ƙanen mai gidan. Ko maginin da yake sa rai kai za ka ba shi aikin gyara, sai ka faɗa masa tun farko cewa dubawa dabam, gyara dabam.

A fara da ruwa

A wannan yanki, tambaya ta farko ba ta bango ba ce, ta ruwa ce. Gulbin Rima ya bi ta Goronyo da Wurno, gulbin Sakkwato ya bi ta Rabah, suka haɗu kusa da birnin Sakkwato. An gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, tana iya riƙe ruwa fiye da mita miliyan 900 na awon cikin tafki. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfinta, ambaliya ta share ƙauyuka da gonaki tun daga Goronyo har ƙasar Silame, ta yanke hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Dubban mutane suka kwana a makarantu. A 2020 ma ruwa ya yi ɓarna mai yawa a Sakkwato da Kabi.

Wannan masifa ta bar mana ma'auni. Duk inda za ka sayi gida kusa da fadama, ka tambayi maƙwabta, “A shekarar babban ruwa, ina ruwa ya tsaya a unguwan nan?” Kada ka tambayi mutum ɗaya. Tambayi tsohuwar da take sayar da ƙuli-ƙuli a lungu, tambayi mai shayi, tambayi yaran da yanzu suka zama magidanta. Za su nuna maka da hannu, wani ma a jikin bangon gidansa. In an ce gidan da kake so an gina shi ne bayan wannan shekara, sai ka tambaya me yake wurin kafin ta.

Sa'an nan ka tsaya a ƙofar gida ka dubi hanya. In hanya ta fi daɓen zaure tudu, ruwan unguwa duka baƙonka ne. Wannan yakan faru da tsofaffin gidaje, gama kowace shekara ana zuba ƙasa a hanya tana hawa, gida kuwa yana nan inda yake. Dubi inda indararon maƙwabci yake zuba. Dubi inda kwatar tsakar gida take fita, ko kuwa ba ta fita ko'ina. Uwargida, ke ce za ki riƙa kwashe ruwan nan da ƙwarya da tsakar dare, saboda haka kada a je duban gida ban da ke.

In da hali, a jinkirta biya har a ga gidan cikin ruwan sama. In mai gida ba zai jira ba, sai magini ya nemi sawun damina, gama ruwa ba ya wucewa bai bar shaida ba: tabo mai launin shayi a silin, fentin da ya kumbura, farin gishiri a gindin bango wanda yake marmashewa in an taɓa. Sabon yaɓe daga ƙasa zuwa gwiwa kaɗai, sauran bango kuwa tsoho, abin tambaya ne.

Ginin ƙasa da ginin bulo

Mutane da yawa sun ɗauka ginin bulo ya fi ginin ƙasa a kowane hali. Mu ba mu ga haka ba. Soron da aka gina da tubali mai kyau, gindinsa da kauri, aka rufa da azarar giginya, ana yi masa yaɓe a kan kari, yakan ga jikoki, ya kuma fi sanyi a watan Afrilu. Abin da yake kashe shi sakaci ne. Magini zai hau bisa ya ga ko rufin ya yi kwari inda ruwa zai kwanta, ko indararo ya toshe, ko ciyawa ta tsiro. A ciki zai ƙwanƙwasa azara ɗaya ɗaya, musamman inda kanta ya shiga bango, domin a nan take ruɓewa ba a gani. Zai kuma gaya maka ko azara ce ta gaske, ko kuwa sandunan dogonyaro ne aka jera. Gidan ƙasa da ya yi damina biyu ba kowa a ciki, irin waɗanda masu su suka gudu suka bari, a dube shi sau biyu.

Ginin bulo kuwa cutarsa a ɓoye take a bayan filasta. Ga masana'antar siminti a Kalambaina, kusa da mu, amma tsada takan sa masu buga bulo su ja buhu ɗaya ya fitar da abin da ya wuce ƙima. Irin wannan bulo, in ka kankare shi da ƙusa sai ya zube kamar gari. Magini ya nemi wurin da ba a yi filasta ba, ko bayan katanga ne, ya gwada.

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya kamar gashi, mai yawo a fuskar filasta, ba kome. Wadda ake gudu ita ce wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, ana ganinta ciki da waje, har tsinken tsintsiya yana shiga. Wannan tana nuna harsashi ne yake motsi. Baƙar laka ta fadama takan kumbura da damina ta tsuke da rani, ginin da aka ɗora mata ba zurfi yakan bi ta. Ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta ita ma labarin nan take bayarwa. In ana shakka, sai a shafa ɗan siminti a kan tsagar, a rubuta kwanan wata, a dawo bayan makonni. In ya tsage, ginin bai zauna ba tukuna.

Sauran ba su da wuyar gani: katakon rufi ko gara ta ci, kwano ko an ɗaure shi da bango yadda iskar farkon damina ba za ta yaye shi ba, wayoyin lantarki ko an yi musu ɗori barkatai. Rijiya da masai kuwa, ma'aikatan lafiya suna so a bar mita 30 tsakaninsu, har da masan maƙwabci na bayan katanga.

Ginin da jama'a suke shiga

Mai shago, mai makaranta, mai gidan haya, nauyinsu ya fi na mai gidan kansa, gama ran waɗansu ne a ƙarƙashin rufinsu. A watan Agusta na 2022 wani bene da ake ginawa ya rushe a kasuwar wayoyi ta titin Beirut a Kano. Ran 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya faɗo a kan ɗalibai a unguwar Busa Buji a Jos suna cikin aji, mutum 22 suka mutu. Nijeriya tana da kundin ƙa'idodin gini tun 2006, amma kundi ba ya zuwa ya duba ginshiƙi da kansa.

Kuskure biyu muke yawan gani. Na ɗaya, a ɗora bene a kan harsashin da aka yi domin ɗaki na ƙasa. Na biyu ya shafe mu ƙwarai: jama'a su sayi tsohon gida domin ɗakin sujada ko aji, su rushe bangon tsakiya domin wuri ya yi faɗi, ba wanda ya tambaya ko bangon nan ne yake ɗauke da rufi. Dattawan ikkilisiya, kafin a ɗaga guduma a kira injiniya, a kuma rubuta abin da ya faɗa cikin littafin taro. Wanda yake tara buhunan albasa ko shinkafa a saman bene shi ma ya tambaya nauyin da aka yi benen dominsa.

Mai sayarwa fa? Shi ma gara ya kira magini kafin ya kira dillali. Ya gyara abin da zai iya, abin da ba zai iya ba ya faɗa a gaban shaidu, a rage kuɗi daidai da shi. A ƙaramin gari wanda ka sayar wa gida za ku riƙa haɗuwa a kasuwa kowane mako, 'ya'yanku suna makaranta ɗaya. Shafa fenti a kan tsaga domin a rufe idon mai saye ha'inci ne, ko da ba a furta ƙarya da baki ba.

Takarda da magada

Gida yana iya zama da ƙarfi kamar dutse, amma ba na mai sayarwa ba ne. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Filin da yake da takardar gwamna ba a sāke masa mai shi sai da yardar gwamna, na karkara kuwa wanda yake bisa al'ada sai da amincewar ƙaramar hukuma. Saboda haka in an nuna maka satifiket, ka ɗauki lambarsa ka tafi ma'aikatar filaye a Sakkwato a bincika, ko sunan ya yi daidai, ko kuwa an jinginar da gidan a banki.

Yawancin gidajen Tursa da ƙauyukan kewaye ba su da irin wannan takarda, shaidarsu tana bakin mai unguwa da dagaci da hakimi. A je wurinsu tun kafin a ba da ko sisin kwabo. Babbar tambaya ita ce ko gidan gado ne, in kuwa gado ne, ko an raba. Sau da yawa babban wa yakan sayar, bayan shekara uku ƙane ya dawo daga Legas, ko 'yar'uwa da take aure a Isa ta aiko, a tashi sabuwar shari'a. Kowane magaji ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, mata da maza, wanda ba ya nan a jira saƙonsa. A kira maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa su tsaya a nuna iyaka, a rubuta tsawo da faɗi, a rubuta ko katangar tsakani ta wane ne, da inda ruwan kowane gida yake bi. Takardar ciniki a yi ta kofi uku, ɗaya wurin mai saye, ɗaya wurin mai sayarwa, ɗaya a ajiye wurin hakimi.