Mazda RX-8: Motar da Injinta Ba Shi da Fistin

Cikin motocin gudu da ake samu da araha a hannu na biyu, Mazda RX-8 tana sahun gaba. Kamfanin Mazda na birnin Hiroshima a Japan ya ƙera ta daga 2003 zuwa 2012. Kyanta na jan ido, kuɗinta kuma bai kai na tsararrakinta ba. Sai dai arahar nan da dalilinta, kuma dalilin yana cikin injin.

Injin RX-8 ba irin wanda makanikanmu suka saba buɗewa ba ne. Babu fistin, babu ringi, babu bawul. Abin da ke ciki wasu ƙarafa ne guda biyu masu kusurwa uku, ana kiransu rota, suna juyawa cikin gidajensu. Wani injiniya Bajamushe, Felix Wankel, shi ya ƙirƙiro wannan tsari. Injin ƙarami ne, lita 1.3 kacal, amma a samfurin mai giyar hannu mafi ƙarfi yana juyawa har sau 9,000 a minti. A bakin kowace kusurwa akwai siririn ƙarfe da ke toshe iska kada ta zurare. Ran injin ke nan. In ya cinye, matsin iska ya faɗi, mota ta mutu a tsaye.

Saboda waɗannan siraran ƙarafa ne injin ke fesa ɗan baƙin mai cikin ɗakin ƙonewa da gangan. Don haka raguwar baƙin mai a wannan mota ba ciwo ba ne, halittarta ce. Mai ita ya riƙa duba sandar mai akai-akai yana cikawa. Wanda ya jira sai ranar juye, ya kusa sayen sabon inji.

Matsalar da aka fi kuka da ita ita ce ƙin tashi. Idan aka tayar da motar da sanyi, aka gusa da ita ɗan taƙi aka kashe, fetur kan cika injin ya jiƙa fulogi. Maganinsa ba ya buƙatar sifana: a taka totur har ƙasa a riƙa yin ki, domin a wannan hali kwamfutar motar tana yanke fetur har injin ya bushe. Amma idan motar na tashi lafiya da safe, sai ta yi zafi ta ƙi tashi bayan an tsaya shan mai, to wannan ya fi ban tsoro, domin sau da yawa alamar raunin matsin iska ce.

Ko a nan ma kada a yi gaggawar sauke inji. A fara da masu sauƙi: batir, kik, fulogi huɗu da koyil huɗu. Koyil ɗin RX-8 sun yi ƙaurin suna wajen saurin gajiya, kuma idan wuta ta yi rauni, ɗanyen fetur na wucewa salansa ya toshe matatar hayaƙi. Bayan haka sai gwajin matsin iska, da na'urar da aka yi don injin rota, wadda ke auna fuskoki uku na kowace rota daban-daban. Na'urar gwajin injin fistin ba ta ba da cikakken hoto. Makanikin da ya ce zai gane da kunne, a yi masa godiya a ƙara gaba.

Neman kayan gyara shi ne wani aikin. Taya, birki da batir ba sa wuya a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Ladipo. Kayan cikin inji kuwa sai an yi oda daga waje, kuma da lambar shasi, domin motocin 2009 zuwa sama an sauya musu tsarin fesa baƙin mai, sannan injin masu giyar otomatik na farko ya bambanta da na masu giyar hannu. Injin Beljiyam da ba a gwada ba, caca ce: mai yiwuwa ciwon da ya kashe naka ne ya sa aka cire shi. A Amurka ma sai da Mazda ta tsawaita garantin injin zuwa shekara 8 ko mil 100,000.

Duk mai sha'awar wannan mota, ya nemi makanikin da ya taɓa buɗe injin rota tun kafin ya biya kuɗi, kuma kada ya saya sai ya ga sakamakon gwajin matsin iska da idonsa.